Kundin Aikin Kadawa: Akwatuna 24, Masu Haya Uku

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

An gama harhaɗa akwatunan, guda 24. A cikin kowanne akwai ƙwaƙwalwar ATmega328P a kan allon Pro Mini mai gudun 8 MHz, da rediyon LoRa, mai kai ɗan gajeren saƙo nesa da wuta kaɗan, samfurin SX1278 mai aiki a 433 MHz, da sensar danshin ƙasa, da DS18B20 mai auna zafin ƙasa, da batirin 18650 guda ɗaya, sai ɗan farantin sola da bai fi tafin hannu ba. Za mu kafa su a wata gonar tumatir da alkama a yankin Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke biyo kanal yana shayar da Kura da Garun Malam da Bunkure. Buƙatar mai gonar ɗaya ce: kafin ranar da ruwa zai zo layinsu, ya san fangalin da ya fi ƙishi.

Da a nan zancen ya tsaya, da ban buɗe masa kundi ba. Malam ya ce kuɗin da ke ƙasa ba zai sayi akwatuna kashi uku ba, saboda haka mu uku za mu hau waɗannan. Ni ina kan danshin ƙasa. Wata ɗaliba daga ɓangaren kare amfanin gona tana bibiyar tsutsar tumatir, Tuta absoluta, wadda manoman nan ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. Tana son zafin iska da laimarta, tana kuma son a ƙirga mata ƙwarin da suka faɗa tarko. Na ukunmu ɗalibin injiniyan ruwa ne, shi tsayin ruwan ƙaramin kanal ya dame shi.

Abin da za mu raba kuwa: RAM, ma'ajiyar da ƙwaƙwalwar ke aiki a cikinta, bayit 2,048 (bayit ɗaya kamar harafi ɗaya ne), filash 32 KB inda manhaja ke zama, da EEPROM 1 KB, ma'ajiyar da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke. Abin da na rubuta daga saman shafin nan zuwa wannan layin ya kusa cika RAM ɗin akwati guda.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yau lissafin wuta na zauna yi, da mitar auna wuta a gefe da takardun bayanin kayan a gabana. Kowa ya zo ɗakin aikin nan tambayarsa ita ce ko ƙwaƙwalwar za ta iya ɗaukar aikin mutum uku. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

In aka cire ƙaramar fitilar da ke kan Pro Mini da kuma ragiletarsa, akwatin da ke barci yana jan abin da bai wuce 10 µA ba, wato 0.24 mAh a yini (mAh ne ma'aunin wutar da ke cikin batir). Farkawa duk minti 15, sau 96 ke nan, a kunna sensa daƙiƙa guda ana jan kamar 10 mA, ya kama 0.27 mAh. Duk tunanin da akwatin zai yi a yini, har da barcinsa, wajen rabin mAh ne kawai, a batirin da aka rubuta masa 2,500.

Rediyo ne mai ci. SX1278 a ƙarfinsa na ƙoli yana jan 120 mA. Saƙon bayit 20 a SF12, saitin da ya fi kai wa nesa, yana ɗaukar daƙiƙa 1.3 a iska. Sau 96 ya zama 4.2 mAh. Saƙon nan ɗin dai a SF7 milisakan 57 ne, 0.18 mAh a yini. Bambancin ya haura ninki 20, kuma ba a ƙara ko harafi ɗaya a cikin saƙon ba.

Amma abin da ya fi waɗannan duka shi ne sauraro. Rediyon da aka bari kunne a buɗe yana jan wajen 11 mA, shiru ake ko magana. A yini 264 mAh ke nan. Akwatin da bai aika komai ba, yana dai jiran a yi masa magana, zai kashe batirinsa kafin kwana 10. Duk wani tsari da zai sa akwati ya karɓi saƙon ɗan'uwansa sai ya fara amsa wannan tambaya: yaushe zai buɗe kunne, yaushe zai rufe?

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mai bibiyar sharon ta kawo buƙatarta a rubuce: awo duk minti ɗaya, daga kowane akwati. Ta ce, "Yaya, lamba biyu ce fa kawai, zafi da laima." Gaskiyarta, lamba biyu ce. Sai na ɗauki alli.

Iskar da muke magana a cikinta ɗaya ce. In akwatuna biyu suka yi magana lokaci guda a mitar rediyo ɗaya da saiti ɗaya, yawanci uwar tasha, na'urar da ke karɓar saƙon duk akwatunan, ba ta jin ko ɗaya, ko ta ji mai ƙarfin ta rasa ɗayan. Wannan tsohuwar matsala ce, tun hanyar sadarwar ALOHA da Norman Abramson ya jagoranta a Jami'ar Hawaii wajen 1971: in kowa na magana sanda ya ga dama, abin da ke tsira bai wuce kashi 18 cikin 100 na ƙarfin layin ba, komai naci. In aka yanka lokaci gida-gida kowa ya fara a bakin gida, ya ninka zuwa kusan 37.

A tsarina na minti 15, akwatuna 24 a SF12 suna cin daƙiƙa 31 cikin 900, saƙon da zai yi karo wajen kashi 7 ne cikin 100. Ana iya haƙuri da wannan. A nata tsarin daƙiƙa 31 ɗin nan cikin 60 za su shiga, kuma lissafin ALOHA ya ce kusan biyu cikin kowane saƙo uku za su lalace. Ba nata kaɗai ba, har nawa da na mai kanal.

Ta yi shiru, sannan ta ce to a auna duk minti ɗaya amma a aika duk minti 15. Wannan ita ce amsar, kuma daga bakinta ta fito. Awo arha ne. Akwatin zai riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma da jimilla, bayit kaɗan, ya aiko su tare.

Na kuma hana a aika rubutu. Layi irin "danshi=523,zafi=27.5,batir=3.91" ya haura bayit 30. In aka matse, lambar akwati bayit 1, lambar jeri 1, danshi 2 domin ma'aunin ƙwaƙwalwar daga 0 zuwa 1023 yake, zafi 1, batir 1. Shida ke nan. Uwar tasha ta warware, ita ke da wuri.

Alhamis, 5 ga Disamba

An kafa. Kowane akwati na ɗaure a jikin gora, eriyarsa ɗan guntun waya mai tsawon santimita 17, rubu'in tsawon zangon 433 MHz. Uwar tasha tana kan rufin ɗakin ajiyar taki, ƙwaƙwalwar ESP32 ce da SIM800L, allon da ke haɗa ta da layin waya, a jikinta. Mun fasa amfani da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi saboda sola ɗin da zai ciyar da shi dare da rana ya fi ƙarfin aljihunmu.

An kasa akwatunan rukuni uku, takwas-takwas. Bakwai suna raɗa wa jagoransu a SF7 da ƙaramin ƙarfi, milisakan 36 kowanne. Jagora ya haɗa da nasa, bayit 48, ya ɗaga murya sau ɗaya a SF12, daƙiƙa 2.3. Da kowa da kansa zai yi, takwas ɗin za su ci kusan daƙiƙa 8, domin kowane saƙon LoRa yana da sharar fage da ake biya ko da abin da ke bayanta bayit ɗaya ne, kuma a SF12 sharar fagen kaɗai milisakan 400 ce.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. LEACH ne, wanda Wendi Heinzelman da Anantha Chandrakasan da Hari Balakrishnan suka fitar daga MIT a shekarar 2000. Hikimarsa ita ce jagoranci ya riƙa zagayawa, domin jagora ne ke sauraro kuma shi ke magana da nesa, in aka bar wa akwati ɗaya shi zai fara mutuwa. A LEACH na asali kowane akwati ƙuri'a yake jefa wa kansa, kuma an ɗauka kowa na iya kai wa uwar tasha. A wannan gonar ba haka ba ne. Akwatunan da ke bayan dalbejiyoyin gabas ba sa kai wa ko da SF12. Don haka a kowane rukuni akwai waɗanda ke iya jagoranci da waɗanda ba za a taɓa ɗora musu ba, kuma nauyin yana zagayawa ne tsakanin uku ko huɗu. Adalcin da ke cikin takarda ya ragu da rabi tun ranar farko.

Baba mai gadi ya tambaya ko abin yana jin maganar mutane. Na ce masa, "Baba, ku kwantar da hankalinku, ƙasa kawai yake saurara." Ya ce shi dai ba zai yi zancen kuɗi kusa da shi ba.

Talata, 17 ga Disamba

Tsarin rukuni ya tsaya ne kan agogo. Jagora yana buɗe kunne ɗan lokaci, dole 'yan rukuninsa su farka a daidai wannan lokacin. Mun bar rukuni ɗaya a kan agogon gadi na cikin ƙwaƙwalwar, wanda aka yi don sake tada ta in ta maƙale, don mu ga ko za a iya tsallake sayen agogo, sauran biyun kuma muka sa musu agogon DS3231.

Agogon gadin ba a yi shi don wannan ba. Yana iya kaucewa da kashi 10 cikin 100, yana kuma canzawa da zafi da ƙarfin batir. A minti 15 daƙiƙa 90 ke nan. Jagoran da zai jira wanda ya makara da minti ɗaya da rabi, a 11 mA, sau 96 a yini, zai ƙona sama da 26 mAh, ninki shida na abin da muka gudu daga gare shi a SF12. Wannan rukunin da rana suna haɗuwa sama-sama, da asuba in sanyi ya sauko kowa ya kama gabansa.

Akwai hanya ta tsakiya, ƙaramin kiristal na 32.768 kHz irin na agogon hannu. Kaucewarsa wajen kashi 20 cikin miliyan, daƙiƙa 1.7 a yini, milisakan 18 a minti 15. Sai dai a ATmega328P ƙafafun da zai hau su ne waɗanda kiristal ɗin 8 MHz ya riga ya hau a Pro Mini, sai an ɓanɓare wancan da dalma an koma agogon cikin gida. Akwatuna 24, a gona, babu wuta. Mun zaɓi DS3231, wanda ke gyara kansa da zafi, kashi 2 cikin miliyan tsakanin digiri 0 da 40, kamar minti ɗaya a shekara.

Ba kyauta ya zo ba. Laburaren Wire, guntun manhajar da agogon ke magana da ƙwaƙwalwa ta kansa, yana da ma'ajiyoyinsa a RAM. Laburaren rediyo ya riga ya kama sama da bayit 250 na ajiyar saƙo, tashar siriyal, hanyar magana da laftof, ta kama 128. Mai kanal ya so a sa katin SD a kowane akwati. Shi kaɗai yana son 512, rubu'in gidan gaba ɗaya. An hana. Na bi manhajar layi-layi na mayar da duk wani rubutu filash, na kashe siriyal a sigar da za ta zauna a gona. A irin wannan ƙwaƙwalwa babu mai yi maka gargaɗi in RAM ya cika. Tari, ɓangaren RAM da manhaja ke jibge aikin da take ciki, kawai zai gangaro ya taka sauran bayanai, akwatin ya riƙa aiko da danshin da babu shi a duniya, ko ya sake farawa shi kaɗai.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Hazo ya sauka sosai tun makon jiya. Farantan sola sun yi fari fat da ƙura, rana kuma sai ka kalle ta da ido. Batiran jagorori sun fara raguwa. An roƙi yaran da ke ban ruwa su riƙa goge farantan da tsumma in sun wuce.

Asabar, 18 ga Janairu

Zaman da aka daɗe ana gudu yau aka yi shi, a gindin dalbejiya, da Malam da Alhaji mai gona da mu uku.

Har zuwa yanzu ayyukan uku suna zaune ne a akwati ɗaya bisa mutunci. Manhajar tana da jerin ayyuka, kowanne ya fara sai ya gama sannan na gaba, babu mai ƙwace wa wani, irin tsarin TinyOS na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Na kuma aro dabarar da Adam Dunkels ya sa a Contiki, inda aikin da ke jiran sensa zai tsaya ya ba wani wuri, ana tuna inda ya tsaya da bayit 2 kacal maimakon a ware masa tarinsa. Lokacin ƙwaƙwalwa bai taɓa zama abin faɗa ba. Batir ne ya zama, da hazo ya zo.

Mai kanal ya fi kowa ci. Sensarsa tana harba sauti ne ta jira amsarsa daga saman ruwa, tana jan wuta fiye da sauran, kuma yana son awo akai-akai ranar da aka saki ruwa. Mai sharon tana auna iska duk minti. Ni na fi kowa ƙarancin ci, amma nawa ne dalilin da ya sa aka ba mu gonar. Kowa na da hujja, aka yi ta kai ruwa rana.

Alhaji ne ya raba gardamar. Ya ce shi abin da ya gane, wannan rabon ruwan kanal ne. Wanda ke bakin ƙofa in bai ji tsoron Allah ba zai sha ya ƙoshi, na wutsiya ya tarar da laka. Ba a gyara shi da roƙo, sai an sa wa kowa ranarsa da awanninsa, an kuma faɗa tun kafin ruwa ya ja wanda za a fara rufe wa. Malam ya ce, "Alhaji, kun gama mana aikin." Ya juyo ya ce in rubuta.

Ga abin da aka tsayar. Kowane aiki yana da kason wuta na yini, manhaja na cire masa duk sanda ya kunna sensa ko ya sa bayit a cikin saƙo. Kasonsa ya ƙare, ya jira gobe. Danshin ƙasa ba ya tsayawa sai akwatin ya mutu. In batir ya sauka ƙasa da 3.6 V, awon iska ya koma duk minti 10. Ƙasa da 3.5 V, awon kanal ya tsaya, in ba ranar sakin ruwa ba. Ƙasa da 3.4 V, akwatin ya ajiye jagoranci, ya aiko da danshi sau ɗaya a awa.

Ni ban gamsu da a dogara da boltejin batir ba, na kuma faɗa. Batirin litiyam yana daɗewa tsakanin 3.9 da 3.6 ba ya nuna komai, sannan ya gangara da sauri. Batiranmu kuma na tsofaffin laftof ne da aka ɓare, biyu na iya nuna lamba ɗaya alhali ɗaya na da rabin abin da ɗayan ke da shi. Ƙirgen abin da aka kashe ya fi zama shaida a wurina. Amma ba mu da abin auna abin da sola ya zuba, don haka an haɗa biyun, a yi aiki da wanda ya fi tsanani.

Wani abu ya fito a zaman da ban zata ba. Gudun sauti a iska wajen mita 343 ne a daƙiƙa a digiri 20, yana ƙaruwa da 0.6 a kowane digiri. Tsakanin sanyin asuba da zafin azahar ana iya samun tazarar digiri 20, wato kuskuren santimita 3 da rabi a tazarar mita ɗaya. Ashe mai kanal ba zai sami awon kirki ba sai da zafin iskar da mai sharon ke aunawa. Wanda ya zo yana neman a rage mata kaso, ya tashi yana neman kar a taɓa ta a akwatunan da ke bakin ruwa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

An kawo shawarar jagora ya daina tura awo takwas, ya tura matsakaicinsu kawai, saƙon ya dawo bayit kaɗan. A takarda yana da kyau. Samuel Madden da abokan aikinsa sun nuna tun 2002, a tsarinsu na TAG, cewa jimilla da ƙirge da mafi girma da mafi ƙanƙanta ana iya haɗa su a hanya ba a rasa komai ba, amma irin su lambar tsakiya sai an kawo awon kowa.

Na ƙi matsakaici. Gonar ba shimfiɗe take ba. Kusurwar arewa tudu ce mai yashi, ruwa na isa can a makare ya kuma bushe da wuri. Fangali bakwai masu laima da ɗaya busasshe za su ba ka matsakaici mai daɗin gani, tumatirin kusurwar kuma yana yaushi. Yanzu jagora na aiko da mafi bushewa tare da lambar akwatinsa, da mafi laima, sai kuma duk wanda ya motsa sosai daga awonsa na baya. Wanda bai motsa ba ya yi shiru, amma duk awa ɗaya dole ya ce yana nan, don a bambanta mai shiru da mamaci.

Tarkon sharon ya samu nasa akwatin mai kyamara, ESP32-CAM, ɗaya tal. Hoton da yake ɗauka dubban bayit ne, kuma saƙon LoRa ba ya wuce 255. A SF12, inda gudun bai kai bit 300 a daƙiƙa ba, hoto mai 20 KB zai toshe iskar sama da minti tara. Don haka hoton ba ya barin akwatin. Yana da RAM 520 KB da ƙarin 4 MB a gefe, ya ƙirga ɗigon baƙi a kan farar takardar gam da kansa, ya aiko lamba ɗaya. Matsalar ƙura ce da ƙananan ƙudaje. Ƙwaron sharon bai wuce milimita 6 ko 7 ba, ba shi kaɗai ne mai wannan girman ba. Mai sharon tana ƙirgawa da hannu duk sanda ta canza takarda, muna gwada lambobin biyu. Har yanzu akwatin yana ƙari.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Sauya manhaja ya zama wahala. Kowane gyara sai an bi gora-gora da laftof, a buɗe akwati, a karya gam ɗin da ke hana ƙura shiga. Tura sabuwar manhaja ta iska ba zai yiwu ba a yadda muke: filash 32 KB ba zai ɗauki tsohuwa da sabuwa tare ba sai an ƙara ma'ajiya a waje. Philip Levis da David Culler sun kauce wa wannan a 2002 da Maté, ɗan ƙaramin inji na cikin manhaja da ake aika masa umarni 24 a ƙunshi ɗaya. Mu ko wannan bai kama mu ba, domin abin da muke yawan canzawa lambobi ne: tazarar awo, kason kowa, iyakar bolteji. Na tattara su bayit 12 da lambar siga, suna zaune a EEPROM. Ana rubuta shi ne kawai in siga ta canza, tunda kowane gurbinsa rubutu 100,000 aka yi masa alkawari.

Yadda sabuwar siga ke yaɗuwa na ɗauko daga Trickle, na Levis ɗin dai, 2004, wanda ya zama ƙa'idar intanet mai lamba RFC 6206 a 2011. Kowa na faɗin lambar sigarsa lokaci-lokaci. Ka ji maƙwabci ya faɗi irin taka, ka yi shiru ka ninka tazarar. Ka ji daban, ka dawo gajeriyar tazara har kowa ya daidaita. A wurinmu lambar tana hawa ne a amsar da jagora ke bayarwa, babu saƙon musamman. Jiya da yamma na canza kason kanal daga gida, kafin sallar isha'i rukuni biyu sun karɓa, na gabas ya biyo baya da dare.

SIM800L na fizgar har 2 A na ɗan ƙiftawa in zai yi magana da hasumiya, yana sa ESP32 ta sake farawa. Kafasita mai girma a bakinsa ya yi maganin wannan. In sabis ya ɗauke, uwar tasha na tarawa a filash ta tura daga baya.

Ko saƙon tes ɗin da ke zuwa wa Alhaji da asuba sai da aka yi masa rabo. Tes ɗaya harafi 160 ne, amma ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin baƙaƙen GSM. Ka sa ko ɗaya, saƙon duka ya koma wani tsarin mai harafi 70, a caje ka biyu ko uku. Dole aka cire lanƙwasa. Alhaji ya ce ba komai, shi ma haka yake rubutawa, kuma babu ranar da zai karanta "kasa ta bushe" ya ɗauka maciji ake nufi.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, aikin gona ya koma safiya. Hazo ya ja, sola na cika batir kafin hantsi, dokokin 18 ga Janairu ba su ƙara tashi ba. Yanzu zafi ne. Ba a son cajin batirin litiyam sama da digiri 45, kuma akwatin roba a rana ya fi iskar waje zafi nesa. Allon caji na TP4056 yana da ƙafar lura da zafi, amma a yawancin waɗanda ake sayarwa an ɗaure ta ƙasa, ba ta aiki. DS3231 yana da ma'aunin zafi a cikinsa, wanda ba mu taɓa karantawa ba. Na sa manhaja ta fara karanta shi, bayit ɗaya ya ƙaru a saƙon awa. Yanke cajin kansa sai an ƙara taransista a layin sola. Kafin nan an yi wa kowane akwati 'yar rumfa da guntun kwano.

Alkama ta yi tsawo ta kere wasu eriyoyin, saƙonnin rukunin kudu sun fara ɓacewa tsakanin 'yan rukuni da jagora. Akwai hanya biyu: a ɗaga su zuwa SF9, milisakan sama da 100 a madadin 36 a kowane saƙo, jagora kuma ya ƙara lokacin sauraro, ko a ƙara tsawon gora. Gora ta fi arha. An ɗaga biyar, uku sun rage.

Wani manomi daga gonar albasa da ke maƙwabtaka ya zo ya sami Alhaji, yana so a sa masa akwatuna shida su hau uwar tasharmu. Iska za ta ɗauka, na lissafa: rukuni na huɗu daƙiƙa 2 ne da ɗoriya cikin 900. Abin da ba a tsayar ba shi ne wa zai biya kuɗin data da na tes, da kuma ko akwatin Alhaji da ke kan iyaka zai riƙa kashe batirinsa wajen miƙa saƙon maƙwabci, domin daga can ba sa hango rufin ɗakin taki. Malam ya ce a zauna bayan sallah. Ranar Talata zan kai taransistoci in fara da akwatunan da ba su da inuwa, in kuma auna ƙarfin sigina daga gonar albasar kafin zaman.